Shekarar Da Aka Ce Kamshaf Ya Mutu

Ku yaran gareji na yanzu, ina kallonku, magana ce kawai ba na yi. Jiya da la'asar na bi ta bakin wani gareji a Barade, na ga wani ƙato ya ɗaura bawul a bakin injin huda ƙarfe, ya danna, abin yana ta kuka, ɗaya hannun nasa kuma yana kan waya. Kafin in gama gaisawa da mai rake har ya ce ya gama guga. Na kusa da shi kuwa yana ba sauran labari, wai Turawa sun ƙera injin da babu kamshaf, nan gaba kaɗan duk wannan wahalar ta ƙare. Suna ta gyaɗa kai kamar jiya aka haifi maganar. To ni na ji ta tun iyayenku ba su fara aske gemu ba, kuma saura kaɗan ta cinye mana gareji. Ku saurara.

Ban yi boko ba. Abin da na sani, hannuna ne ya koya mini. Inji numfashi yake yi kamar mutum. A kansa akwai ƙofofi, wasu na shigar da mai da iska, wasu na fitar da hayaƙi, murafan ƙofofin nan su ne bawul. Akwai kuma wani dogon ƙarfe mai ƙusumbi-ƙusumbi a jikinsa, shi ne kamshaf. Yana juyawa, kowane ƙusumbi ya danna bawul ɗinsa ya buɗe, sifirin ya mayar da shi ya rufe. In bawul ya daɗe yana shan wuta sai bakinsa ya ci, ya daina zama daram a gidansa, inji ya riƙa zubar da ƙarfinsa a banza. Motar da ke haura tudu da lodi sai ka ji tana nishi a fili. Aikina shi ne in mayar da bawul ya zauna a gidansa yadda ko ɗigon kananzir ba zai wuce ba.

Aikin farko da na taɓa, kan injin wata a-kori-kura ne, ta wani mai fataucin doya daga Zing. Malam, maigidana, Allah ya jiƙansa, lagireto ya watso masa tafasasshen ruwa a hannun dama. Na kawo abinci na tarar da shi zaune, hannu a naɗe, yana faɗa da Yakubu abokin aikinsa. Yakubu Bamumuye ne, ƙarfi gare shi, shi kaɗai yake sauke giyabos, amma hannunsa bai san lallashi ba. Ya goga, an zuba kananzir, ya bi. Ya sake, ya sake bi. Na ajiye kwano na tsaya ina kallo. Sanda ce gajeriya mai roba a baki, robar ta kama kan bawul, a shafa ƙullun guga, a murza sandar tsakanin tafuka biyu. Na ce a raina, wannan ai burga ce. Ni da na tashi a ruga can bayan Sunkani, ina burga nono tun ban iya ɗaura zane ba.

Na ce a ba ni.

Yakubu ya yi dariya har da dafa bango. Ya ce, "Maman Bello, wannan ba miyan kuka ba ne fa."

Malam ya ce, "Ba ta. Kai ma da ka san ba miya ba ne, me ka yi?"

Na zauna na murza. Da aka kifa kan injin aka cika ramukan da kananzir, muka ci abinci muka wanke hannu, aka duba, bai motsa ba. Mai doya ya zo aka ce masa Yakubu ne ya yi, don kada ya ce a rage masa. Daga ranar aka kafa mini zana a bayan rumfa, nesa da idon titi, nan na zauna da aikin har gashina ya yi fari.

Kayan aikin ba su da yawa, shi ya sa kuke raina su. Sanda, ƙullu mai tsauri da mai laushi, tsumma, kananzir. In ƙullu ya yanke a gari, tsohon dutsen wasa wuƙa muke dakawa, mu tankaɗe da ɗan kwali, mu kwaɓa da baƙin mai. Ba juyi ake yi gaba ɗaya kamar injin huda ba. Gaba da baya ake yi, ka ɗaga, ka ɗan juya, ka sake saukewa, in ba haka ba ka haƙa wa gidan kwari da hannunka. Kunne ke gaya maka an kusa: da fari ƙarar yashi za ka ji, sannan ta riƙa laushi har ta koma kamar ana shafa tabarma. Sai allo. Katako ne mai huji takwas, duk bawul ɗin da aka zare a soke shi a hujinsa, a jere yadda suke a inji, domin kowane bawul ya saba da gidansa, in ka kai shi gidan wani ba za su shirya ba. Kowane kan inji da allonsa, a ɗaure su tare da waya.

Doka ta ƙarshe ita ce ta fuska. Ƙasan kan inji, inda yake haɗuwa da jikin inji da wani siririn shimfiɗi da ake kira gasket a tsakani, shi muke kira fuska. Sumul take kamar madubi. Ba a ajiye ta a ƙasa, ba a jingina ta da dutse. Ƙwayar tsakuwa ɗaya in ta ja mata layi, ruwa da mai za su sami hanyar haɗuwa, inji ya tashi aiki. Duk wanda ya taɓa zama a gareji, ko barci yake ka miƙa masa kan inji, fuska sama zai ajiye shi. Jiki ne ke yi, ba tunani ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Masu mota kuwa, ban taɓa ganin wanda ya zo da gaskiya a karon farko ba. Kowa yanzu-yanzu motarsa ta fara. Wani direban Mutum Biyu ya rantse mini bai taɓa barin ta yi zafi ba, na buɗe na tarar bawul ɗin hayaƙi ya yi fari fat kamar toka, gefensa ya tsage. Na ce masa, "Ko dai kai ka yi ƙarya ko ƙarfe ya yi, ni kuwa na fi sanin halin ƙarfe." Ya ce ai sau ɗaya ne, a hawan Bali. Kullum sau ɗaya ne.

Da aka ba mu jiha, Jalingo ta cika da ma'aikata, kowa da motarsa 'yar Beljiyam. Wasu suka zo da inji mai injekta, wato sabon abin fesa wa inji mai, da wani ɗan akwati da ake cewa ƙwaƙwalwar mota. Kanikawanmu ba su san kansa ba, saboda haka duk wadda ta yi tari sai a tumɓuke wayoyin a dasa mata kafireto, abin ba inji mai irin na da. Haka muke a lokacin, abin da ba mu gane ba sai mu cire shi. Ni dai ba ruwana, domin da injekta da kafireto duk bawul ke buɗe musu ƙofa.

A shekarun nan Malam ya rasu. Abin da ya bari ba kuɗi ba ne, tsibi ne a bayan rumfa. Tun yana saurayi bai taɓa yar da kan inji ba. Motar da ta yi haɗari, wadda ta ruɓe, wadda mai ita ya gaji, sai ya sayi kan ya wanke, ya shafe da giris, ya naɗe a buhun siminti tare da kamshaf ɗinsa da allonsa. Yakubu ma ya koyi halin, nasa tsibin na gefen namu. Don kada su cakuɗe, Malam na buga ɗigo biyu da ƙusa a gefen nasa, Yakubu na sara ɗan gicciye da kurfi a nasa. Tsibin nan shi ne rumbunmu. Da aka raba gado, 'ya'yana mata suka ce a bar gareji a hannun Bello, shi kaɗai ne namiji a cikin 'ya'yana. A lokacin ya yi aure har da ɗiya. Hannunsa na da kyau, ni na koya masa, amma kunnensa ya fi hannunsa sauri.

Sai shekarar wahalar mai ta zo. Motoci suka yi layi a gidajen mai har ciyawa ta fito a ƙarƙashin wasu. Motar da ba ta tafiya ba ta lalacewa. Muka wuni muna korar ƙuda. Yakubu ya koma noma rabin rana.

A cikin wannan zaman banzan ne Injiniya Filibus ya shigo da motarsa a ɗaure mata tafet, wato a daidaita mata buɗewar bawul. Ma'aikacin gwamnati ne, a Yelwa yake zaune, bai daɗe da dawowa daga wani kwas a Turai ba. Mutum ne mai son bayani. Ya leƙo bayan zana ya gaishe ni da ladabi, ya ɗauki wani kamshaf yana juya shi a hannu.

Ya ce, "Mama, kin san wata rana za a daina sa wannan a mota?"

Na ce, "Sai wa ya riƙa buɗe bawul? Aljani?"

Ya yi dariya ya ce lantarki. Wai masu motocin tsere, waɗanda ake zama a ciki kamar a kwalekwale, injinsu na gudu har sifirin ya kasa mayar da bawul a kan lokaci, saboda haka wasunsu sun cire sifirin, iska ce ke rufe musu bawul. Yanzu kuma masu ƙera inji na gwada cire kamshaf ɗin ma ɗungurungum. Kowane bawul a ba shi nasa maganaɗisun, ko a tura shi da ƙarfin mai, ƙwaƙwalwar mota ta riƙa ba shi umarni: buɗe yanzu, buɗe kaɗan, rufe. Ya ce kamshaf abu ɗaya ya iya, yadda aka sassaƙa shi haka zai yi ta yi, ko mota na gudu ko tana rarrafe. In babu shi inji zai sha mai kaɗan ya ba da ƙarfi da yawa. Kuma abin da aka fara a filin tsere, yakan gangaro motar kowa.

Bello ya matso har yana taka mini tabarma. Ya ce, "Yallaɓai, yaushe zai iso nan?"

Injiniya ya ce, "A'a, tukuna. Gwaji ake. Yana cin batir, yana da ƙara, bawul na dukan gidansa da ƙarfi har ya lalace. Ko masu tseren ba su sa shi ba. Wataƙila 'ya'yanka su gani."

Da kunnena na ji ya faɗi haka, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma ya ba Bello aron kaset ɗin tseren, aka kai gidan kallo, kanikawan Barade da na Yelwa suka cika benci. Maganar ta fita daga garejinmu tana rarrafe, ta dawo a guje. A teburin mai shayi ta zama an gama ƙerawa. A tasha ta zama jirgin ruwa ya sauke su a Legas. Ranar da ta sake shigowa bayan zanata, cewa aka yi gwamnati za ta hana shigo da duk motar da ke da kamshaf, kuma kan inji irin namu ba zai hau sabon inji ba, ya zama bola.

Ban yi mamakin ƙaruwar magana ba, halinta ne. Abin da ya tsaya mini shi ne wanda ya biyo bayanta. Wani Alhaji Ilu, baƙo, da babbar mota da sikeli da 'yan dako, wai mai tukwane ne. Kun san kan inji na ƙananan motoci alminiyam ne, masu zubin tukunya na narka shi. Yana bin gareji-gareji yana saye da awo, farashin bola. Kuma ya san labarin injin da babu kamshaf fiye da Injiniya. Har yana tausaya wa mutane: "Ku rabu da su tun ana saye, 'yan'uwa. Baɗi ko kyauta ba mai ɗauka." Na ce a raina, yaushe mai tukunya ya fara bin labarin motar tsere?

Yakubu ne ya fara sayarwa. Na ce masa ya dakata.

Ya ce, "Maman Bello, mai babu, mota babu. Yarana zai ci ƙarfe ne? Makaranta ya kore su biyu. Ke kina da 'ya'ya mata a gidan miji, suna kawo miki masara."

Gaskiya ya faɗa. Na dai ɗauki kujerata na zauna inda zan ga lodin. Na ga abu uku. Mai tukunya na gaskiya ba ya yarda a auna masa ƙarfe a kuɗin alminiyam, sai an zare kamshaf da duk wani ƙarfen da ke jiki tukuna. Wannan cewa ya yi a bar komai a jiki, kada a wahala. Na biyu, allunan ma ya ce a jefa masa, wai zai hura wuta da su, kuma ba a zare bawul ko ɗaya daga hujinsa ba. Na uku, an shimfiɗa buhunan ƙaiƙayi a cikin motar, fasassun kawunan ana wurga su ta ko'ina, masu lafiyar kuwa a hankali ake jera su, fuska sama.

Da yamma Bello ya zo ya tsuguna ya ce shi ma ya karɓi kuɗin kamu. Zai sayar da tsibin duka, ya tafi Jos ya koyi wayarin, tunda nan gaba duk mota waya za ta zama. Na gaya masa abin da na gani.

Ya ce, "Dada, ke fa kowa ɓarawo ne a wurinki. Mai ruwa ma sai kin leƙa garwarsa."

Na ce, "Ka taɓa ganin na tarar da ita a cike?"

Ya ce, "Mutumin nan taimako yake yi. In ya jera su da kyau, don su shiga mota ne. Ke kina so in zauna ina gadin ƙarfe har in tsufa a bayan zana?"

Na ce, "Gadonka ne. Ubanka ya tara, kai ka watsar, ba sabon abu ba ne a duniya. Amma in tsibin nan ya tafi, ranar da aiki ya dawo da me za ka yi shi?"

Ya ce aikin ba zai dawo ba. Ya tashi ya kaɗe wando.

Ba ni da ikon hana shi. Ba zan kai ɗana gaban alƙali a kan kayansa ba, kuma ba zan tara masa dangi ba. Abin da na gani kuwa ido ne kawai, kowa na iya ba shi wata fassara.

Da hantsi suka zo. Aka rataye sikeli a reshen mangwaro. Tsakanin tsibin da bishiyar fili ne da Malam ya zuba wa tsakuwa saboda taɓon damina. Yakubu na zaune a kan tsohuwar taya yana kallo. Alhaji Ilu ya gaishe ni, Hajiya sama Hajiya ƙasa, ni da ban je ba. Bello ya fara kwance buhuna. Na farkon da ya fito shi ne wanda Malam ya fi ji da shi, kan injin a-kori-kura, bai taɓa yin zafi ba, fuskarsa na ɗaukar ido.

Na tashi na gyara ɗaurin zane. Na ce, "Bari in taya ku, tunda na narkawa ne."

Na kama wayar da aka ɗaure shi da ita, na kifa shi, fuska ƙasa, na ja shi a kan tsakuwar nan. Ƙarar da ya yi, duk wanda ya san aikin sai haƙoransa sun yi tsami. Yakubu ya runtse ido. Wanda ya yi magana shi ne mai tukwane. Ya yar da carbinsa ya taho a guje, babbar riga na jan ƙasa.

"Hajiya! Fuskar! Fuskar! Za ki kashe shi!"

Har ya durƙusa ya juya shi sama, yana share tsakuwar da hannun rigarsa, yana bin layukan da farce don ya ji zurfinsu, kamar yadda kowane bakanike zai yi. Sannan ya ɗago ya ga duk muna kallonsa.

Na ce, "Alhaji, tukunyar taka da fuska za a zuba ta?"

Ya ce ai tsakuwa ce ke ɓata narki. Na ce to, a wanke. Ya ce ai shi dai ba ya son ɓarna ne, ko ta mene ce.

Bello ya ce, "Alhaji, a ina maƙerar taka take?"

Ya ce can gaba da Numan.

Bello ya ce, "In an gama lodi sai in bi ka in gani. Ban taɓa ganin yadda ake zubi ba."

Ya ce hanyar ba kyau, kuma ba yau zai koma ba.

Bello ya je ya sauke sikelin daga reshen mangwaro da kansa ya miƙa wa ɗan dako, ya shiga rumfa ya ɗauko kuɗin kamun ya ajiye a kan bonet ɗin motar Alhaji. Alhaji ya ƙara farashi nan take, ya sake ƙarawa, ya manta da bakinsa ya ce baɗi ko kyauta ba mai ɗauka. Yakubu ya miƙe ya ce a dawo masa da nasa. Alhaji ya ce ciniki ya faɗa, kaya sun riga sun wuce. Da ƙyar aka riƙe Yakubu, kun dai ji irin ƙarfinsa. Kafin azahar motar ta bar Barade, ba ta sake shigowa ba, amma ta riga ta kwashe rabin garin.

Bello bai yi mini magana a kan abin ba, ni ma ban yi masa ba. Washegari na ga ya samo gilashin tebur mai kauri, ya shimfiɗa a kan benci, ya manna sanfefa a kai, ya jiƙa da kananzir. Ya kifa kan injin da na ja a ƙasa yana goga shi a kan gilashin, gaba da baya, ya juya, ya sake. A Yola akwai injin da ke wannan aikin kafin ka sha ruwa, amma babu man zuwa Yola. Ya yi ta yi har tafukansa suka yi kanta suka fashe. Yakan ɗora rula ta ƙarfe a fuskar ya ɗaga wa rana, in haske ya bi ta ƙarƙashi ya koma. Ban taya shi ba. Ranar da haske ya daina bi, ya ɗauko kan da allonsa ya ajiye a bakin tabarmata, fuska sama, ya koma rumfa. Na ɗauki sanda na goga bawul ɗin.

Aiki kuwa ya dawo, kuma da muni ya dawo. Man da aka riƙa saye a galan a bakin titi gauraye yake da kananzir da abin da Allah kaɗai ya sani. Ya ƙone bawul, ya sa injuna zafi, kawuna suka riƙa tsagewa kamar gyaɗa. Na waje ya yi tsadar da ba mai iya taɓawa. Kowa na neman tsohon kan inji mai lafiya, garin kuwa babu, sai a bayan rumfarmu. Wanda Bello ya goge, ɗan mai doyan nan na Zing ne ya zo da tsohuwar a-kori-kurar ubansa aka ɗora mata, ta ci gaba da dakon doya.

Yakubu ya sami aikin wata motar haya da kanta ya tsage, irin wanda ba mu da shi. Mai motar ya je har Yola ya sayo a shagon kayan gyara, a naɗe cikin leda, an ce masa daga Beljiyam aka sauke shi. Yakubu ya kwance ledar ya wanke da fetur. Sai na ji ya kira ni da wata irin murya.

"Maman Bello, zo ki gani."

A gefen kan, ƙarƙashin sabon fenti, ga ɗan gicciyensa.

Ya daɗe yana shafa wurin da babban yatsa. Sannan ya ce, "Ya je Turai ya dawo, bai kawo mini tsaraba ba." Ya ɗauki sifana ya ɗaura shi.

Injiniya Filibus da ya ji yadda aka yi da maganarsa ransa ya ɓaci, ya bi gareji-gareji yana cewa shi bai ce haka ba. Ko da saninsa aka yi, ko babu, ban sani ba. Na sa masa ido shekara da shekaru ban kama shi da komai ba. Ban dai sauke idon ba har aka yi masa canjin wurin aiki. A kan waya kuwa ya yi gaskiya. Motoci sun zo da ƙwaƙwalwar da ba a iya tumɓukewa, kuma da abubuwa suka daidaita Bello ya tafi Jos ɗin ya koyo, da kuɗin kawuna kaɗan da aka sayar a kan darajarsu. Da wannan yake ci da iyalinsa yau. Amma duk motar da ya buɗe har gobe, kamshaf na nan kwance a ciki yana danna bawul.

Ban ce injin nan ba zai zo ba. Na ga abubuwa da yawa da na ce ba za su zo ba, ga su a hannun jikokina. In ya zo, ku kawo mini kansa in duba, domin ko aljani ne ke buɗe bawul, wuta dai za ta ci bakinsa, kuma sai wani ya zauna ya mayar da shi gidansa.

Jiyan nan da na ji yaron yana ba da labarin, ban dubi bakinsa ba. Tsallaken titi na duba. Akwai wani mai sayen tsohon ƙarfe ya jingina kurarsa a gindin dalbejiya, sikeli na rataye a hannunta, shi kuma yana zaune yana shan rake. Wataƙila inuwa kawai ya zo sha. Na dai riƙe fuskarsa.